Finafinan da Suka Ba Mu Dariya Jiya, da Abin da Suke Gaya wa Malami Yau

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na bikin Ranar Malamai ta Duniya



Tun daga 1994 duniya ta ware ranar 5 ga watan Oktoba domin tunawa da malami. Bisa al'ada, a irin wannan zama akan tattauna albashi da ƙarin girma da cunkoson ajujuwa, kuma waɗanda suka fi mu sanin waɗannan al'amura sun riga sun yi bayani mai gamsarwa. Mu kuwa an ba mu dama mu taɓo wani batu da za a iya ɗauka wasa ne, wato finafinan barkwanci na matasa da muka taso muna kallo. Hausawa sun ce da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Mu ba wawaye ba ne, amma akwai gaskiyar da aka daɗe ana gaya wa malami cikin wasa, mu kuma muna ta dariya domin a lokacin a kan benci muke zaune, ba a gaban allo ba.

Waɗanda muke cikin shekaru arba'in da ɗoriya mun san zamanin da akwatin talabijin ke da lokacin buɗewa da lokacin rufewa. Sai la'asar ta yi tashar NTA ke fara shirye-shirye, kuma gida ɗaya mai akwati ya ishi layi guda. Yara a tabarma, manya a kujera, wani kuma a waje yana juya eriya ana yi masa ihu ya tsaya haka nan. A nan muka san Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi wa rai a Kaduna, da Hausarsa ta bariki mai gauraye da Turanci. A nan muka san marigayi Kasimu Yero, da Karkuzu na Bodara. Daga baya, bayan fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa a Kano a 1990, sai marigayi Rabilu Musa Ibro ya zo ya mamaye fagen ban dariya har zuwa rasuwarsa a watan Disamba na 2014.

Idan muka duba da kyau, barkwancin gida na wancan lokaci na manya ne. Soja ne da kurtunsa, maigida ne da matansa, ɗan kasuwa ne da mai binsa bashi. Yaro ɗan aike ne, ya shigo ya durƙusa ya fita. Shi ya sa lokacin da kaset ɗin bidiyo ya yawaita, shagunan haya suka buɗe a unguwanni, muka ci karo da wani irin fim daga Amurka da ya ba mu mamaki. Makarantar sakandare ce fagen wasan, ɗalibi shi ne tauraro, malami kuwa shi ne abin dariya. Ba ma jin rabin Turancin da suke yi, amma ba ma bukatar tafinta kafin mu gane wa aka kayar.

Wanda ya fi shahara da irin waɗannan finafinai shi ne John Hughes, wanda ya rasu a 2009. A 1986 ya fitar da Ferris Bueller's Day Off. Labarin wani ɗalibi ne da ya yi ƙaryar rashin lafiya, iyayensa suka yarda, ya janye abokinsa Cameron da budurwarsa, suka ɗauki motar alfarma ta mahaifin Cameron, suka wuni suna yawo a birnin Shikago. Sau tara ke nan yana fashin makaranta a zangon, amma ya shiga kwamfutar makarantar daga ɗakinsa ya mayar da tara ta koma biyu. Jami'in ladabtarwa na makarantar, Mista Rooney, ya lashi takobin sai ya kama shi. Ya bar ofis, ya bi gari yana nema, ya tsallaka gidan iyayen yaron, kare ya far masa, takalminsa ya maƙale a taɓo, aka janye motarsa, daga ƙarshe ya koma a motar ɗalibai, tufafi a yage, yara suna kallonsa.

A wancan lokaci duk muna bayan Ferris. Yau da muke riƙe da rajista, idan muka sake kallo sai idonmu ya tsaya a kan Rooney, kuma abin da muke gani ya wuce dariya. A kan gaskiya yake, domin yaron ƙarya ya yi. Abin da ya kayar da shi shi ne ya mayar da tarbiyya ta zama gaba tsakaninsa da yaro guda. Ya bar makaranta cike da ɗalibai ya tafi farautar mutum ɗaya, don kada a ce yaro ya fi shi wayo. Duk wanda ya daɗe a aji ya san wannan tarko. A kowane aji akwai yaron da ya iya taɓa zuciyar malami, kuma ranar da malami ya shiga aji da niyyar ramuwa, sauran yaran sun yi asarar darasin ranar. Ga kuma abin da Rooney bai taɓa lura da shi ba. Yaron da ke bukatar taimako a labarin shi ne Cameron, mai shiru, wanda tsoron mahaifinsa ya hana shi sakewa, wanda ya yi imani cewa uban ya fi son motar a kansa. Babu malamin da ya tambayi lafiyarsa, domin shi ba ya tayar da ƙura.

A cikin wannan fim ɗin akwai wani malamin tattalin arziki da ke kiran suna da murya ɗaya wadda ba ta hawa ba ta sauka, yana yin tambaya yana ba kansa amsa, ɗalibai kuwa wasu sun yi tagumi, wani barci ya kwashe shi a kan tebur. Abin da yake koyarwa daidai ne, babu kuskure a ciki. Sai dai ya daina kallon fuskokin da ke gabansa. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma malamin da ya daina karanta fuska ya koma rediyo. A kwalejin ilimi an koya mana cewa tsarin darasi yana farawa da abin da yaro ya riga ya sani. Wannan ɗan gajeren wasa ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi watsi da wannan ƙa'ida, kuma ya nuna shi fiye da yadda shafi goma na littafi zai nuna.

Shekara guda kafin wannan, a 1985, Hughes ya fitar da The Breakfast Club, wanda ya fi nauyi. Ɗalibai biyar aka tsare ranar Asabar a laburaren makaranta domin horo, aka umarci kowanne ya rubuta insha'i mai kalma dubu a kan wane ne shi. Mataimakin shugaban makarantar, Mista Vernon, ya riga ya yanke wa kowa hukunci: wannan ɗan ƙwaƙwalwa ne, wannan ɗan wasanni ne, wannan 'yar gata ce, wannan ba ta da saiti, wannan kuwa ɗan iska ne da ba zai zama komai ba. Da wuni ya yi nisa suka fara magana da juna, sai kowa ya sauke kayan da ya ɗauko daga gida. Ɗan ƙwaƙwalwar ya kai ga tunanin halaka kansa saboda ya faɗi darasi guda kuma ya san iyayensa ba za su ɗauka ba. Ɗan wasannin ya wulaƙanta wani yaro mai rauni don ya burge mahaifinsa. Wanda ake kira ɗan iska ya nuna tabon ƙuna a hannunsa, wanda ubansa ya yi masa da wutar taba. Wadda aka ce ba ta da saiti kuwa ba ta yi laifin komai ba, ta zo ne kawai domin a gida babu mai kula da ita.

Mu malaman firamare mun san waɗannan yara biyar, ko da yake tufafinsu da harshensu sun bambanta. Mun san yarinyar da ke gyangyaɗi a aji domin ta yi talla har dare. Mun san yaron da ke dukan na ƙasa da shi domin shi ma da duka ya karya kumallo. Mun san mai shirun da ke ƙarshen benci wadda zango ke ƙarewa ba a ji muryarta ba. A aji mai yara tamanin ko ɗari, laƙabi ya fi sauƙi a kan sani. Mu ce wannan daƙiƙi ne, wancan fitinanne ne, mu wuce. Amma laƙabin da malami ya liƙa wa yaro a aji uku yakan bi shi har ya yi gemu, kuma sau da yawa yaron yakan yi ƙoƙarin cika sunan da aka ba shi.

Akwai wani wuri a fim ɗin da muke so iyayenmu da abokan aikinmu su riƙe. Vernon ya zauna da mai sharar makarantar yana kukan cewa yaran zamani sun lalace, ba sa ganin girman kowa. Mai sharar ya nuna masa cewa yaran suna nan yadda suke, shi ne ya canza, sannan ya tambaye shi yadda zai ɗauki mutum irinsa da a ce shi ne ɗan shekara goma sha shida. Wannan kuka na lalacewar yaran zamani babu ɗakin malaman da ba a yin sa. An yi shi a kanmu lokacin da muke tsallake katanga mu tafi gidan kallo, an yi shi a kan waɗanda suka koyar da mu lokacin da suke satar hanya zuwa sinima kallon finafinan Indiya. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Tambayar mai sharar ta cancanci kowane malami ya yi wa kansa ita, ko da sau ɗaya a zango.

Fim ɗin da ya fi kusa da ajinmu kuwa daga Indiya ya zo, kuma ya same mu mun riga mun fara aiki. Shi ne 3 Idiots na 2009, wanda Rajkumar Hirani ya ba da umarni, Amir Khan ya fito a matsayin Rancho. Da wuya a sami gida a cikin wannan zaure da ba a kalle shi ba. A farkon karatunsu a kwalejin injiniya, malami ya nemi a faɗi ma'anar inji. Rancho ya yi bayani da kalmomi masu sauƙi da misalan fanka da wayar tarho, aka kore shi daga aji. Chatur ya zubo ma'anar littafi kalma bayan kalma, aka yaba masa. Daga baya aka ba Chatur jawabin bikin Ranar Malamai cikin harshen Hindi, wanda bai iya sosai ba. Ya haddace shi tsaf, bai san an sauya masa wasu kalmomi ba, ya hau mumbari ya zazzaga wa manyan baƙi cin mutunci yana murmushi, yana zaton tafin da ake yi na yabo ne.

Mun yi dariya har da hawaye, amma wa ya ƙera Chatur? Makaranta ce ta ƙera shi, ita ce ta koya masa cewa hadda ita ce ilimi. Mu da ke koyar da yara da Turancin da ba sa ji a gida ko a kasuwa, mun san yadda aji guda ke amsawa da murya ɗaya kamar ana rera waƙa, amma idan ka ware yaro guda ka ce ya faɗa maka da Hausa abin da ya faɗa yanzu, sai ya sunkuyar da kai. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a shekarun farko na firamare, saboda masana sun san cewa fahimta ita ce tushe. Hadda tana da gurbinta, domin babu mai iya lissafi ba tare da ya haddace jadawalin sau ba. Sai dai haddar da ba ta da fahimta a ƙarƙashinta gini ne a kan yashi. Kuma kada mu manta cewa a tsakiyar wannan barkwanci akwai ɗalibin da ya rasa ransa bayan shugaban kwalejin ya ƙi ƙara masa lokacin kammala aikinsa. Masu fim ɗin sun sa dariya a gaba ne domin mu zauna mu ji abin da ke bayanta.

To, waiwaye adon tafiya ne, amma an kuma ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Begen zamanin da ya wuce yana da wata ɗabi'a, yakan tace tsakuwa ya bar mana tsabar. Wajibi ne mu faɗa wa kanmu cewa finafinan nan suna ɗauke da abubuwan da ba za mu so 'ya'yanmu su koya ba. Da yawa daga cikinsu sun gina dariyarsu a kan mai ƙiba, da baƙon da harshensa bai nuna ba, da yarinyar da ake yi wa kallon abin farauta. Wasu kuma, irin American Pie na 1999, batsa ce tsagwaronta wadda ba ta da wurin zama a falon iyali. Ko a can Amurka an yi wannan bita. Molly Ringwald, wadda ta fito a matsayin 'yar gata a The Breakfast Club, ta rubuta maƙala a 2018 bayan ta sake kallon fim ɗin tare da 'yarta, inda ta nuna damuwa kan yadda aka bar saurayi yana cin zarafin yarinya a labarin, kuma daga ƙarshe aka saka masa da soyayyarta.

Namu barkwancin na gida ma bai kuɓuta ba. Sau nawa aka ba mu dariya da mai in'ina, da kurma, da baƙauye, da wanda Hausarsa ta karkace domin ba harshen uwarsa ba ce? Abin da aka yi wa dariya a akwati da dare, shi ake kwaikwaya a filin makaranta da safe, kuma akwai yaro mai in'ina na gaske da zai ɗauki sunan ya kai gida. A fim ɗin Mean Girls na 2004, wanda Tina Fey ta rubuta ta kuma fito a matsayin malamar lissafi, wasu 'yan mata sun ajiye littafi suna rubuta ƙazafi da zagi a kan 'yan'uwansu, ranar da aka watsa shafukansa makarantar ta hargitse. A cikinsa kuma jarumar, wadda gwana ce a lissafi, ta riƙa faɗuwa da gangan don wani saurayi ya kula ta. Wancan littafi yau ya koma zauren WhatsApp da shafin TikTok, ba ya yagewa kuma ba ya ƙonewa. Ita kuwa yarinyar da ke ɓoye basirarta don kada a ce ta cika rawar kai, tana nan a ajinmu na shida.

Babban bambancin da ke tsakanin kallonmu da na 'ya'yanmu yana wajen zama. Mu a taro muka yi kallo. Idan abin kunya ya gifta, akwai babbar yaya da za ta yi tsaki, ko kawu da zai miƙa hannu ya kashe akwatin, kuma wannan tsakin darasi ne. Tasha takan rufe, kaset yakan ƙare, wuta takan ɗauke, dole a tashi a yi hira a kan abin da aka gani. Yaron yau shi kaɗai yake kallo, waya a tafin hannu, ƙarƙashin mayafi, kuma abin da yake kallo ba shi da ƙarshe, wani na fita wani na shigowa. Babu mai yi masa tsaki, babu mai tambayarsa abin da ya fahimta.

Saboda haka muna da shawarwari uku, kuma babu wadda ke bukatar kasafin kuɗi. Ta farko ga iyaye ce. Ƙwace waya kaɗai ba ya magani, domin ta maƙwabci tana nan. Mu zauna mu kalli wani abu tare da yaranmu ko da sau ɗaya a mako, mu yi dariyar tare, sannan mu tambaye su wa aka yi wa dariya, kuma da su ne a matsayinsa yaya za su ji. Yaron da aka saba yi wa wannan tambaya zai riƙa yi wa kansa ita ranar da ba ma kusa.

Ta biyu ga malamai ce. Mu farfaɗo da wasan kwaikwayo a makarantunmu, wanda a da ba a rufe shekara sai an yi shi a gaban iyaye. Yaron da ke kwaikwayon tafiyar hedimasta a bayan aji baiwa gare shi, idan ba a ba ta fage ba za ta nemi fage da kanta. Mu ba shi matsayi a wasan tsafta ko na illar fashin makaranta, mu kafa wa 'yan wasan doka guda: a yi dariyar hali, kamar rowa da ƙarya da girman kai da lalaci, kada a yi dariyar halitta ko harshe ko talaucin gidan wani. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma dariya ma tarbiyyarta ake yi.

Ta uku ga kanmu ce baki ɗaya. Mu sani cewa ana kallonmu. Kowane aji yana da Ferris ɗinsa mai lura da yadda muke gyara hula ko mayafi, da kalmar da muke yawan maimaitawa, da lokacin da muke shigowa, da wanda muke fifitawa. Nan da shekara talatin waɗannan yara za su haɗu a wajen biki ko a zauren tsofaffin ɗalibai, su tuna da mu kamar yadda muke tuna Samanja da Ibro. Babu makawa za su kwaikwayi muryarmu, kuma wannan ba abin fushi ba ne, domin malamin da ba a kwaikwaya shi ne wanda aka manta. Abin da ke hannunmu shi ne irin dariyar da za su yi. Akwai dariyar da ake yi wa Rooney, ta wanda aka ji daɗin faɗuwarsa. Akwai kuma wadda ake yi wa malamin da aka so, wadda kan ƙare da shiru, sannan wani ya ce a tashi a je a gaishe shi, ko a yi masa addu'a idan ya riga mu gidan gaskiya.

Iyayenmu da suka yi ritaya suna zaune a sahun gaba, kuma da yawa daga cikinmu mun iya muryoyinsu har yau. Muna roƙon su yi mana afuwa, su kuma sani cewa tamu dariyar iri ta biyu ce.